Kun Sa Buba Ya Yi Magana, Kun Tafi Kun Bar Shi

Zuwa ga Mai Girma Shugaban foroje, wato shirin gyaran aikin jami'an tsaro,

Bayan gaisuwa da fatan alheri. Ni tsohon jandarma ne daga Urafane. Na taɓa aiki a rundunar ƙasa da ƙasa, a wata ƙasar da yaƙi ya ɗaiɗaita har baƙi suka riƙe mata mulki. Can na koyar da sababbin 'yan sanda cewa ba a tona mai kawo ƙara. Shi ya sa da mutanenku suka zo kafa kwamitin jama'a da masu kaki, na yarda aka sa ni ciki.

Na ɗaya. A taron da kuka kira a Tasawa kun rantse cewa duk abin da aka faɗa sirri ne. Ni na jawo maƙwabcina Malam Buba, dattijo makiyayi, bayan ya ƙi har sau biyu. Na ce mishi ba komai, zamani ya canza, dimokuraɗiyya ta ba talaka baki. Ya miƙe ya faɗi yadda aka mare shi a wani shingen jami'an tsaro ranar kasuwa, aka sa shi durƙuso cikin rana gaban surukinsa.

Na biyu. Rahotonku ya fita da sunansa da na rugarsa, kuma kun aika shi biro, wato ofishin waɗanda ya kai ƙara. Ni da idona na ga takardar.

Na uku. Kasuwa biyu bayan haka aka kama shi, wai yana kai wa ɓarayi labari. Damina ta wuce yana gidan kaso, ba alƙalin da ya gani. Ya fito ba ya ji da kunne guda. Na je bironku, na tarar da kwaɗo a ƙofa, maigadi ya ce foroje ya ƙare.

Ranka ya daɗe, wane irin gyara ne wanga? Kun ɗauki hotunanmu kun tafi, mu muka kwana da masu bindiga.

Ina roƙo ku dawo ku shaida a rubuce cewa ku kuka gayyace shi magana. Ku kai shi likita. Ku cire sunayen sauran mutane daga rahotonku tun ba a bi su ba.

Buba bai zage ni ba. Da na je gaishe shi, ya juyo da kunnen da ya rage ya ce, “Isufu, ai ka ce ba komai.”

Allah ya ba ku ikon gyara abin da kuka ɓata.

Wassalam.
Isufu Mahaman, Urafane.