Ƙararrawar da Aka Buga Mini

Kodiak, Alaska

Yaya Bernadette,

Ina gaishe ki da kyau. Yaya Mama da ciwon ƙafarta? Ni lafiya lau nake, hannun da ya ji ciwo ma ya fara riƙe cokali.

Abokina Ray ya kira ni jiya yana dariya: "Kai Casimir, yaushe gawa ta fara ɗaukar waya? Ai mun gama da kai a makaranta!" Wai Sista Rosalia ta tsohuwar makarantarmu ta mishan ta ji jirginmu na kamun kifi ya kife, ba ta ko tambaye ku ba. Ranar addu'ar matattu ta kira sunana, aka buga mini ƙararrawar nan da sistocin farko suka taho da ita daga Poland, bugu ɗaya ga duk tsohon ɗalibin da ya rasu.

Ki gaya mata ina nan daram, da azumin kafin Ista ma zan zo mu soya kifin Juma'a da 'yan ajinmu. Ki aiko mini da safar ulu, sanyin nan ba ya wasa.

Amma Leonard ɗan makarantarmu, wanda ya tura ni cikin kwalekwalen ceto, bai fito da rai ba. Ray ya ce shi ba a buga masa ba, wai tunda an kore shi a ajin ƙarshe. To, ki je ki sami Sista Rosalia. Ba haƙuri nake so ta ba ni ba. An riga an yi bugun, ni kuwa ba na buƙatarsa. Ta tsaya gaban kowa ta ce na Leonard ne.

Allah ya tsare ku.

Ƙaninki,
Casimir