Na ce wa Inna Auta ya ci gaba da labarinsa

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Barkanku da warhaka, mai kula da wannan shafi da masu karatu baki ɗaya, ya gida, ya iyali, ya ƙoƙari? Don Allah a sakaya sunana. Ina roƙon duk wanda zai yi magana ya daure ya karanta har ƙarshe kafin ya zage ni, domin ni ma ban bar kaina na huta ba. Karatuna a sakandare ya tsaya, in an ga kuskure a yi mini afuwa.

Ni mace ce, ina aure a nan Wudil, ba nisa da gidanmu. Mahaifinmu ya daɗe da rasuwa, mu biyu ne suka rage wa mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna: ni 'yar fari, sai ƙanena da kowa ke kira Auta. A daminar da ta wuce Allah ya karɓi ran Auta yana tsakiyar karatun jami'a. A kansa ne na yi abin da ya kawo ni nan, kuma har yau ina cikin yin sa.

Auta marubuci ne. Ba labaran soyayya yake rubutawa ba, labaran aljanu ne da biranen da babu su a duniya, yana sakawa kashi-kashi a wani zauren masu karatu na waya. Da wayarsa mai fasasshen gilashi yake rubutu, kuma ba ya iyawa sai bayan sallar asuba, a zaune kan kifaffen turmi a gindin rumbu. Cewa yake in rana ta ɗaga mutanen labarin nasa watsewa suke yi. Kafin ya rubuta gari sai ya zana shi a ƙasa da tsinke, ga ƙofa, ga kasuwa, ga fada, ya hana kowa share wurin, kaji su zo su tone masa gidan sarki ya bi su da takalmi. Ranar kasuwa ba ya rubutu, yana can wurin masu kifi da masu tukwane yana tambayar sunan kowane abu, wai yana yi wa mutanensa sayayya. Wani lokaci sai ka ji shi a bayan ɗaki yana faɗa da wanda babu shi, har wata maƙwabciyarmu ta taɓa ba Inna shawara a kai shi a yi masa ruƙiyya.

Amma babbar ɗabi'arsa ita ce ba ya rubuta kashi ko ɗaya sai ya fara faɗa wa Inna da baki. Inna ba ta karanta boko. Bayan la'asar tana ɓarar gyaɗa ko tsintar wake, zai jawo tabarma ya ce, "Tsohuwa, a ara mini kunne." Ta ce, "Sarkin maƙaryata, yau kuma wa ka kashe?" Yana ba ta labari yana kallon hannunta. In hannun ya tsaya da aiki, to wurin ya yi daɗi, gobe zai rubuta. In ta ci gaba da ɓara sai ya ce an yi asara, ya sake hanya. Na tuna ranar da ta katse shi ta ce, "Kai, wannan aljanin naka tun jiya yake tafiya, ba ya salla ne?" Ya ce, "Inna, ai kafiri ne." Ta ce, "To maza ka musuluntar da shi, ba na so ya mutu a haka." Kuma wallahi sai da ya musuluntar da shi.

Labarinsa na ƙarshe na wani yaro ne, Jatau, ɗan masunci, da ya bi wani kifi mai zobe a hanci har ya faɗa wani birni a ƙarƙashin kogi. A birnin nan duk wanda ya ci abincinsu sai ya manta suna ɗaya cikin sunayen da ya sani. Uwar Jatau kuwa kullum tana bakin ruwa tana kiransa. Labarin ya kai inda yunwa ta ci ƙarfin Jatau, an ajiye masa akushi a gabansa, sunan uwarsa kaɗai ya rage a kansa. Ana nan ne sakamakon jarrabawar Auta ya fito. Ya faɗi darussa, aka ce sai ya maimaita shekara. Inna da ta rabu da awakinta saboda karatun nan ta kira shi, ina zaune a wurin. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Auta, in ka ƙara rubuta ko layi ɗaya na ƙaryar nan kafin ka kawo mini takardar gama makaranta, ban yafe ba." Kun san nauyin wannan magana a bakin uwa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "To, Inna." Ya tashi ya ɗauki tsintsiya ya share birnin da ya zana da hannunsa.

Daga ranar bai ƙara jawo tabarma ba. Inna ta ce mini har yanzu yana fita bayan asuba ya zauna kan turmin, amma hannunsa a naɗe. Wata rana ya raka ni gida, a hanya ya ce, "Yaya, Jatau fa yana nan zaune gaban akushi, na bar bawan Allah da yunwa." Ya faɗa da dariya, ni ma na yi dariya na ce ya yi haƙuri, shekara kamar gobe ce. Me ya hana ni komawa in roƙi Inna ta sassauta, ta bar masa ko lokacin hutu? Ni kaɗai ce take jin maganata. Ban yi ba. Na ɗauka akwai lokaci. Da damina ta kankama zazzaɓi ya kama shi, muka kai shi asibiti, bai daɗe a can ba. Ba zan iya rubuta fiye da haka a kan wannan ba. Allah ya jiƙansa.

Bayan an share makoki Inna ta daina magana, ta daina cin abinci sai an matsa mata. Ba ta kuka, zama kawai take yi tana kallon gindin rumbu. Wayarsa tana hannuna, kuma na riga na duba ta tun daga sama har ƙasa. Abu na ƙarshe da ya saka a zauren shi ne ya dakata da rubutu bisa umarnin mahaifiyarsa, a taya shi da addu'a. Bayan wannan babu komai, ko kalma ɗaya. Wata la'asar ina ba ta kunu sai ta riƙe hannuna. Inna ba ta kiran sunana saboda kunyar ɗan fari, sai ta ce, "Ke, faɗa mini gaskiya. Yaron nan ya ci gaba da labarin nasa, ko kuwa maganata ce ta tsayar da shi ya tafi da abin a ciki?" Na dubi fuskarta. Ban shirya ba, ban yi tunani ba, na ji bakina ya ce, "Ya ci gaba, Inna. A ɓoye yake yi, yana nan cikin waya har ƙarshe." Ta saki hannuna ta ɗaga nata sama ta ce, "Alhamdu lillahi. Na yafe masa, na yafe masa duniya da lahira." Ranar ta fara kuka, ranar kuma ta ci tuwo da kanta. Da ta wanke hannu sai ta ce, "Karanta mini."

Tun daga nan kullum bayan la'asar ina zuwa gida, in buɗe wani tsohon shafi a wayarsa, in riƙa jan yatsa a kan gilashin kamar mai karatu, ina ƙirƙiro labarin da bakina. Ni ba ni da basirarsa. Ina wanki ina tunanin abin da zan faɗa, ina girki ina tunani, har miya ta sha kamawa a tukunya, maigidana yana zaton jimami ne kawai. Na sa Jatau ya ture akushin. Na sa ya jiyo muryar uwarsa ta ratso ruwa. Da na faɗi wurin nan Inna ta ce, "Allah sarki, ashe yana ji na." Wani lokaci takan ce in maimaita mata wani wuri, in kasa dawo da kalmomin yadda suke, ta ce, "Ɗazu ba haka kika ce ba." Sai in ce idona ne, rubutun ƙanana ne. Ta ce, "Ke dai tun kina yarinya karatu ba ya zama a kanki." In yi dariya, in shiga banɗaki in wanke fuska in dawo.

Ba ƙaryar kaɗai ke ci na ba. Abin da ya fi damuna shi ne wanda na yi wa ita. Yaron nan ya yi wa uwarsa biyayyar da ta fi komai yi masa wuya, ya haɗiye abin da ya fi so har ya koma ga Allah bai saɓa mata ba, ni kuma na zo na mayar da shi mai saɓa wa uwa a ɓoye. Yanzu in mata sun zo gaishe ta sai ta ce musu tana murmushi, "Ja'irin yaron nan, ashe bai ji maganata ba, gara da bai ji ba." Tana yafe masa laifin da bai yi ba, biyayyar da ya yi kuwa ba ta sani ba balle ta sa masa albarka a kanta. Da wane ido zan dube shi ranar da za mu haɗu? Ina da ikon ɗauke masa wannan ladar a bakin mutane don kawai Inna ta ci tuwo? Amma kuma in na faɗi gaskiya, me na faɗa mata? Cewa duk safiyoyin nan da take leƙensa a kan turmi da hannuwa a naɗe, maganarta ce ta naɗe su har ya mutu. Inna tana da hawan jini. Na ga yadda take kafin in yi ƙaryar, ba na so in ƙara ganin haka.

Da a tsakaninmu abin ya tsaya, wataƙila da na ci gaba da lallaɓawa har in kai Jatau gida in yi shiru. To makon jiya abokin Auta, wanda ke kula da zauren masu karatun, ya zo gaishe da Inna. Yaro mai hankali, tare suka yi karatu. Suna gaisawa ta ce masa, "Ɗana, ai abokinka ya gama littafin, yana cikin waya wurin yayarsa." Ya juyo ya dube ni ya ce, "Yaya, ai ya ce mana ya dakata…" Na tari numfashinsa na ce daga baya ne ya koma. Idonsa ya cika da ƙwalla. Da na raka shi soro ya ce, "Yaya, ko shafi ɗaya ne ki taimaka mana. Wallahi har yau ba a wayi gari ba a tambayi Jatau a zauren nan ba, wasu ma ba su yarda ya rasu ba." Inna ta ɗaga murya daga tsakar gida ta ce a ba shi duka, a saka da sunan Auta, duk wanda ya karanta ya yi masa addu'a. Ya ce zai dawo ranar Asabar da kwamfutarsa ya kwashe.

Na gwada zama in rubuta abin da na riƙa faɗa wa Inna in zuba a wayar. Na yi layi kaɗan na karanta, ko ni na san ba hannunsa ba ne, balle yaron da ya karanta duk abin da Auta ya taɓa rubutawa. Ko da ma zai wuce, ƙaryar da na yi wa mutum ɗaya ce zan raba wa jama'a da sunan mamaci. Na yi tunanin in kira abokin nasa in faɗa masa gaskiya in roƙe shi ya rufa mini asiri, sai na ga na jawo ɗan mutane cikin zunubina. Na yi tunanin in ce wayar ta faɗa ruwa. Har na tsaya da ita a bakin randa, na kasa, hotunansa da muryarsa duk suna ciki. Malami kuwa na kasa tunkara, domin duk malaman unguwarmu sun san Inna.

Jiya da na je, na zauna zan buɗe wayar, sai Inna ta miƙo hannu ta ce in ba ta. Ta goge gilashin da gefen zanenta, ta naɗe ta a ɗankwali ta tura ƙarƙashin matashinta. Ta ce, "Ke, bar ƙarshen nan haka, kada ki karanta mini. Na gaji da in-inarki. Yaron nan in ya zo shi zai karanta mini, muryarsa ta fi kama da ta Auta. Ki zo da wuri ki yi masa dambu, ki gaya wa su Gwaggo su ma su zo su ji." Na ce to.

Yanzu wayar ma ba ta hannuna. Ranar Asabar Inna za ta kwance ɗankwalin nan a gaban 'yan'uwanta, ta miƙa wa yaron da hannunta ta ce ya karanta, shi kuma zai buɗe ya tarar babu komai. In riga shi faɗa mata, ko in bari ta ji a gaban mutane, ko akwai wata hanya da ni ban gani ba? Ku da kuke da iyaye mata, ku da kuka taɓa binne ƙani, don girman Allah ku faɗa mini, me zan yi?