Dama a Sama

Asabar, 2 ga Maris
Yau ma Mama ba ta ce uffan ba. Tun bayan Kirsimeti sai kallon taga. Likita ya ce ciwon mantuwa haka yake, ya cinye sunaye, sannan ya cinye magana. Ni ko zagi ne ta yi mini, in dai zan ji muryarta.

Talata, 5 ga Maris
Anti Earline ta ritsa ni a kanti. Har yanzu ita ce shugabar reshen garinmu, Montgomery, na ƙungiyar matan da na shiga a jami'a, wadda Mama ma ta shiga tun ba a haife ni ba. "'Yar'uwa Renita, ashe kina raye? Mun ɗauka miji ya dafa ki ya cinye!" Na ce aiki ne. "Oho, mu ne marasa aikin yi ke nan." Tun da na gama karatu ban leƙa taronsu ba. A yini ana gardama a kan launin mayafin tebur? Ba da ni ba.

Lahadi, 10 ga Maris
Wai matan ƙungiyar za su zo gaida Mama ranar Asabar. Ban gayyace su ba.

Alhamis, 14 ga Maris
Na goge falo. Don kaina na goge.

Asabar, 16 ga Maris
Sun zo, da soyayyar kaza da kek ɗin dankali, gida ya koma kasuwa. Mama ko kallo ba su ishe ta ba. Anti Doretha, wadda aka rantsar da ita a ƙungiyar rana ɗaya da Mama, ta zauna tana taje mata kai. "Odessa, dubi gashinki, yarinyar nan ba ta san mai ba ne?" Na wuce kicin.

Da za su tafi suka yi da'ira kamar kullum, kowa ta gitta hannuwa ta kama na kusa da ita, aka sa kujerar Mama a ciki. Na maƙale a ƙofar kicin. Anti Earline ta ce, "Ke baƙuwa ce? Shigo mana." Na shiga, na kama hannun Mama, aka ɗauki waƙar ƙungiya. Ina ta motsa baki, rabi na manta. Sai na ji an fizge ni.

"Renita. Dama a sama."

Ashe hagu na ɗora a kan dama. Muryar ta dishe, amma hararar tana nan yadda na san ta. Na gyara. Ta ɗauki baiti na biyu ta kai shi ƙarshe, ba ta ɓata kalma ko ɗaya ba. Na yi kuka sosai, ban ji kunyar kowa ba. Anti Doretha ta ce, "Odessa ke nan, ko daga kabari za ta taso ta gyara wa mutum kuskure."

Lahadi, 17 ga Maris
Shiru ya dawo. Amma ta kira sunana jiya, kowa ya ji.

Asabar, 6 ga Afrilu
Na kai Mama taron ƙungiya. Don ita kawai. Ba ta yi magana ba, sai waƙar da aka rufe da ita. An nemi wadda za ta riƙa ɗauko tsofaffin da suka daina tuƙi, ban san lokacin da hannuna ya tashi ba. Motata ce dai babba, shi ke nan.

A hanyar gida tana ta rerawa ƙasa-ƙasa. Na kashe rediyo, na bi doguwar hanya.