Lallen Ƙafar Aziza

Daga Kura, zuwa ga mijina marowaci, Jamaluddeen tela, a Kumbotso.

Kacici-kacici, ka ba ni amsa kafin in gaishe ka. Abu ne a tsaye cikin ruwa, da tsumma a jikinsa, yana gadin shinkafar da ba ya ci. Tsuntsu na tsoronsa, shi kuma mai gonar yake tsoro. Mene ne?

To yanzu sallama. Ina gajiya, ina ɗinki? An ce kekenka ba ya hutawa, amma ni matarka ko ɗankwali ban gani ba. Kada ka ce me ya hana ni buga waya. Maganar waya iska ke kwashewa, takarda kuwa zama take yi a aljihu tana mintsinin mutum. Ajin yaƙi da jahilcin da na shiga ba zai tafi a banza ba.

Ƙanwarka Aziza tana ɗakina. Tun da uwarku ta bi ubanku lahira, dangin ubanku suka ba goggonku Nafisatu riƙonta a ƙauyensu na bayan Bunkure, ni kakar wajen uwa na ja bakina na tsuke. Duk zuwan da zan yi sai na aika tukuna, don kada a ce bincike na zo. In tarar da yarinya kan tabarma, ƙafa ta sha lalle baƙi wuluk, in ce lallai Nafisatu ta iya riƙo. Jiya na je cin kasuwa, na ce bari in leƙa babu aike. Ba kan tabarma na same ta ba. Daga inda na same ta na tare mai babur muka taho, ko gidan ban shiga ba.

Ba na so ta koma. Amma bakina ba shi da nauyi a danginku. Kai ne namijin da ubanku ya bari, taka za a ji.

Kakarka, Tambaya.

*

Assalamu alaikum Iya,

Bayan gaisuwa da fatan kina lafiya. Amsar kacici-kacicinki mutum-mutumi ne, ko yaron goye ya sani. Ɗankwali kuma sai kin daina yi mini gori.

Iya, Goggo ta kira ni tana kuka, ta ce kin ɗauke yarinya daga gona kamar shaho. Ta ce ɗan taimako Aziza take yi, kuma wane yaro ne a ƙasar nan bai kori tsuntsu ba? Ni kaina da Sallah na je, na gan ta tsaf, har da lallenta. Goggo ƙanwar mahaifinmu ce. Idan na ce ta kasa riƙo, da wane ido zan kalle ta a taron dangi? Don Allah ki yi kara ki mayar da ita, in ya so sai in yi wa Goggo magana a hankali.

Jikanki, Jamaluddeen.

*

Zuwa ga Hajiya Tambaya, bayan gaisuwa mai yawa tare da girmamawa.

Ni ne Dalhatu, maigidan Nafisatu. Hajiya, ke babba ce, kin san riƙo ba aro ba ne. Wanda aka ba ɗiya shi ke aurar da ita, haka muka gada. Abin da kika yi ya sa ana nuna iyalina da baki a gari. Ga shinkafa ta fitar da kai, hidima ta yi mana yawa, ba mu da lokacin ja-in-ja. In Allah ya kai mu Juma'a, bayan an sauko, zan zo in tafi da ita. Na sanar da Jamaluddeen.

Allah ya ƙara girma. Naki, Dalhatu.

*

Jamaluddeen, angon da ba ya cefane,

Ina gaishe ka, amma ka faɗi. Mutum-mutumi yana tsoron mai gona? Sake lale.

Ka ji takardar Dalhatu? Shinkafa ta fitar da kai. Bai tambayi lafiyar yarinya ba, shinkafa ya tuna. To a cikin shinkafar tasa na same ta, ruwa har ƙwauri, tana jan igiyar gwangwanaye tana yi wa tsuntsayen jan-baki ihu da muryar da ta dishe kamar ta tsohon zakara. Tun fitowar rana har faɗuwarta, kullum. 'Ya'yan Nafisatu kuwa suna makaranta da farin hijabi. In shinkafa ta wuce sai yankan tumatir na shanya, wanda ya fashe ya fara tsami shi ne miyarta.

Da muka iso gida na ce ta cire safa. Ta ce, "Iya, ba ta fita." Sai da na jiƙa da ruwan ɗumi, safar ta fito da fata a jikinta. Tsakanin yatsun ya ruɓe, fari fat, yana tsatsafo ruwa. Ni nake wankan gawar mata a unguwar nan, ban taɓa kau da kai ba sai ranar.

Na ce, "Ke, ina lallen naki na 'yan gayu?"

Ta ce, "Sai an ce za ki zo, ko Yaya zai zo, sannan Goggo take ƙunsa mini. Mai gishiri, don ya yi baƙi ya rufe."

Na ce, "A kan gyambon?"

Ta ce, "Goggo ta ce mai kuka ba ta da godiya."

Wannan shi ne adon da ka gani da Sallah, malam tela mai idon zare allura. Aiken da muke yi don kara, shi ke gaya wa Nafisatu ranar kwaɓa lalle.

Na kai ta asibiti. Ma'aikaciyar ta ce har da tsargiya, fitsarinta da jini, ta daɗe tana ɓoyewa. Shekaranjiya kajina suka hau shanyar gero, yarinyar nan ta zabura ta kurma ihu, sannan ta durƙusa ta kare kanta da hannu biyu tana jiran duka. Na tuƙa tuwon shinkafa, ta kalle shi ta ce, "Iya, wannan ai na masu gida ne." A bakin rariya ta so ta zauna ta ci ƙanzo.

Ga ƙunshi nan cikin leda na ba direba tare da takardar. Ba tsaraba ba ce, safar ce, ban wanke ba. Ka buɗe ta a shagonka, ka shaƙa sosai, sannan ka zo ka koya mini kara.

Kakarka da ba ta mutu ba tukuna, Tambaya.

*

Assalamu alaikum Baba Dalhatu,

Ina gaishe ku, ina gaida Goggo. Na je Kura jiya. Ni na wanke wa Aziza ƙafa da hannuna, na sa mata magani. Da na taɓa ta sai ta ce in yi haƙuri, wai ta ɓata mini ruwa.

Kada ku wahalar da kanku ranar Juma'a. Aziza za ta zauna wurin Iya, ni na yanke, kuma na gaya wa sauran dangi dalili. In akwai mai ja, mu haɗu gaban dagaci, zan zo da yarinyar da abin da aka ciro daga ƙafarta, kowa ya gani. Shinkafa kuma a nemi ɗan ƙwadago.

Ku huta lafiya. Jamaluddeen.

*

Mijina,

Gaisuwa da yabo, ɗankwali ya iso. Yadin araha ne, amma na ɗaura.

Juma'a ta zo ta wuce, ba mu ga ƙeyar kowa ba. An ce Nafisatu tana zagaya gidajen biki tana cewa an yi mata butulci. Ta yi ta yi.

Ƙafa tana kamewa, ta fara taka ƙasa babu ɗingishi. Lalle dai har yanzu ko warinsa ba ta so. Maƙwabciyata ta kwaɓa, yarinyar ta shige bayan randa sai da aka fitar da kwanon. Ban matsa mata ba. Amma jiya ta ci tuwon shinkafa a kan tabarmata, ta miƙo kwano a ƙara, har ta ce miyata ba gishiri don tsufa ya cinye mini harshe. Na ce madalla, bakin rashin kunya ya buɗe, gidanku aka gado.

Tun da ka kasa, ba sai ka ba ni gari ba, ga amsarka. Abin da ke tsaye cikin ruwa da tsumma a jiki, yana gadin shinkafar da ba ya ci, ƙanwarka ce Aziza, 'yar shekara goma sha ɗaya.