Wardin Khairiyya

Tambuwal, ran Talata.

Zuwa ga Baban Saudat,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, kai da Hajiyarka da ƙawata Saudat. Ya ƙarin haƙurinmu? Allah shi jiƙanta.

Yau da hantsi na gane abin da na yi. Wardin nan da marigayiya ta dasa mini kusa da wurin alwala ya buɗe fure, na farko tun rasuwarta, wata tara ke nan. Sati biyu ina zagaya shi ina jira. Da na leƙa sai na ga wani ɗan fari, bai fi marfin kwalba ba, ba ƙamshi ko kaɗan. Na kira maƙwabciyata Mu'minatu ta kan katanga. Ta shigo ta duƙa ta shinshina, ta ce, "Hadijatu, ko dai hancina ya mutu, ko wannan ba furen ɗiyarki ba ne. Nata ja ne kamar barkono, har ɗakina nake jin ƙamshinsa."

Na durƙusa na tone ƙasar gindin da hannu. Akwai wani kumburi a jikin itacen, kamar gwiwa. Rassan nan uku masu ƙarfi da nake ta murna da su, duk daga ƙarƙashinsa suka fito. Nan maganarta ta dawo mini. Ranar da ta dasa shi ta ce, "Inna, kin ga wannan kumburin? Duk abin da ya fito ƙasa da shi ba namu ba ne, ki cire." Ni kuwa ina tankaɗe, na ce to, ko kai ban ɗaga ba.

Abin bai tsaya nan ba. Da bazara na ga tsofaffin rassan sama sun yi yaushi, sai na ɗauko wuƙa na sare su, wai don sababbin su sami ƙarfi. Ashe nata na sare. Ɗaya kawai ya tsira don ya ɓuya bayan randa, tsawonsa bai wuce tafin hannu ba.

Na san kana da waya, ni ma ina da ita. Amma shekara shida da aurenku ban taɓa yi maka maganar da ta wuce gaisuwa ba, ita ma daga bayan labule, bakina ba zai iya ba. Takarda ba ta kallon mutum. Ka yi haƙuri da rubutun, a aji shida na tsaya.

Roƙona ɗaya ne. Na san ta dasa ɗan'uwansa a gidanku na Kebbe. Ka taimaka ka yanko mini reshe, ka ba Namadi direba ran kasuwa.

Ka gaida Hajiya. Ka ce wa ƙawata na ajiye mata aya.

Surukarka,
Hadijatu

*

Kebbe, 19 ga Agusta, 2023.

Zuwa ga Inna,

Amincin Allah da rahamarsa su tabbata a gare ku. Bayan gaisuwa ta ladabi da biyayya, ina fatan kuna cikin ƙoshin lafiya. Wasiƙarku ta iso ta hannun Namadi, na karanta ta fiye da sau ɗaya. Allah ya ƙara mana haƙuri baki ɗaya.

Inna, kada ku ɗora wa kanku laifi. Itacen nan biyu ne a haɗe, aure aka yi masa kamar yadda ake yi wa mangwaro. Jan wardin ba ya jure zafinmu da saiwarsa, shi ya sa marigayiya ta ɗauko idonsa, wato ɗan tsiron da ke hammatar ganye, ta sa shi a jikin wani iri mai juriya wanda furensa ba shi da kyau. Na ƙasan ya fi ƙarfi, in aka bar shi sai ya shanye abincin duka. Ko wanda ya yi karatun gona yana iya ruɗewa. Idan kun ƙirga za ku ga ganyen na ƙasan bakwai bakwai ne a kara ɗaya, na saman biyar biyar.

Shawarata ita ce ku cire rassan nan uku tun daga tushe. Ku kafa wa ɗan reshen zana ta yamma saboda ranar la'asar. Ku zuba toka kewaye da gindin don gara, kuma kada ruwan sabulu ya taɓa shi.

Game da na wurinmu, zan duba lokacin da ya dace in Allah ya yarda.

Hajiya tana gaisuwa. Saudat ta ce a gaya muku ayar bara akwai tsakuwa a ciki, a tsince ta bana.

Na bar ku lafiya.

Ɗanku,
Mannir

*

Tambuwal, ran Laraba.

Baban Saudat,

Sallama da gaisuwa. Ina fata kun tashi lafiya, ya ruwa wajenku? Nan kwana fuɗu ke nan ana yi.

Na yi zana, na zuba toka. Na ƙirga ganyen, haka ne, bakwai da biyar. Na cire biyu daga cikin ukun. Na ukun na ɗora wuƙa a kansa har sau biyu, na kasa. Wata tara ina ba shi ruwan alwalata, ina gaya masa abubuwan da ban gaya wa kowa ba. Ko ba nata ba ne, shi ya saurare ni. Mu'minatu ta ce, "To ki raɗa masa suna mana, mu zo cin tuwo." Na ce ta fita mini daga gida, ta ƙi fita.

Ɗan reshen bai ji daɗi ba. Bakinsa ya fara yin baƙi daga sama, baƙin yana saukowa kaɗan kaɗan. Na ɗaura zare a inda ya tsaya ran Juma'a, yau ya wuce zaren.

Yanzu ga wata magana, kada ka ji nauyi. Mu'minatu ta je suna Kebbe ran Lahadi, ta biya ta gaida Hajiyarka. Ta ce ta duba tsakar gidan kaf, ba ta ga kore ba sai lalle. Inda wardin yake wani busasshen kara ne tsaye, an kifa masa tsohon kwando. Da ka gaya mini tun farko. Ni da na sare nawa da hannuna, wa zan yi wa faɗa?

Ɗiyar fari ce, ka sani. Ba a kiran sunanta, ba a yabonta gaban mutane, ba a rungumarta. Haka aka yi mini, haka na yi mata. Shekara ashirin da shida "ke" nake ce mata. Ranar da furen ya fara buɗewa, shekara uku da suka wuce, ta tsinko ɗaya ta kawo mini ɗaki, ta ce, "Inna, ji ƙamshi." Na ce ta ajiye can, ta je ta duba tukunya. Bayan ta fita na ɗauka na sa cikin akwatin kayana, yana nan har yau, ya bushe. Ba ta taɓa sani ba.

Khairiyya. Ka ga na rubuta. Bai yi wuya ba kamar yadda na zata, alƙalamin ne dai ya ɗan huda takardar.

Ka gaya mini gaskiya, akwai abin da za a iya yi wa ɗan reshen nan, ko in zuba masa ido kawai?

Ka gaida mutan gida. An tsince ayar.

Hadijatu

*

Fakku, 2 ga Satumba, 2023.

Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku da girmamawa, ina kuma neman gafararku.

Abin da Mu'minatu ta gani gaskiya ne. Bayan sadakar arba'in na kasa zaman gidan. Kullum na fito alwala sai in gan shi. Na roƙi a bar ni in riƙa kwana nan Fakku a gidan malaman makarantarmu, ban kuma ce wa kowa ya ba shi ruwa ba. Hajiya ta ɗauka ni nake yi idan na zo ƙarshen mako, ni kuma ko wajen ba na kallo. Bazara ta gama da shi, gara ta ci saiwar. Ni na kifa kwandon. Da wasiƙarku ta farko ta zo na rasa yadda zan faɗa muku cewa naku ne kaɗai ya rage, shi ya sa na kewaye.

Don Allah kada ku taɓa reshe na ukun. Shawarar da na ba ku ta cire su duka kuskure ce, kuma alhamdu lillahi da ba ku bi ta ba. Tunda baƙi yana sauka, ɗan reshen ba zai tashi a inda yake ba. Amma idan akwai ido mai rai a jikinsa, ana iya cire shi a sa a jikin wancan mai ƙarfin, kamar yadda ita ta yi tun farko. Yanzu da damina fatar itace tana ɓarewa da sauƙi.

Sai dai akwai abu biyu da ya kamata ku sani kafin ku amsa. Dole a yanke ɗan reshen gaba ɗaya. In idon bai kama ba, shi ke nan, ba sauran komai. Sannan ni ban taɓa riƙe rezar ba. Ita take yankawa, ni aikina riƙe reshe da miƙo leda, tana ce mini, "Malam, wannan hannun naka alli kawai ya sani." Na dai kalla sau da yawa.

Aikin na mutum biyu ne, ɗaya ya riƙe kada reshen ya motsa, ɗaya ya yanka. Ban taɓa wuce zaurenku ba. In kun ba ni izini in shigo, zan zo. In kun ga Mu'minatu ce za ta riƙe, ba laifi. In kuma kun fi son a bar shi ya ƙare da kansa ba a sa masa reza ba, zan fahimta.

Ku ƙirga mini idanun da suka rage ƙasa da baƙin.

Allah ya ƙara muku lafiya da nisan kwana.

Ɗanku,
Mannir

*

Tambuwal, ran Alhamis.

Baban Saudat,

Gaisuwa da fatan alheri. Ba abin da za ka nemi gafara a kai.

Ido biyu ne. Ran Litinin uku ne. Ka zo jibi da sassafe kafin rana ta yi zafi. Na sayi sabuwar reza, na wanke ledar burodi na yanka siri siri na shanya. Mu'minatu hannunta rawa yake yi, ga surutu. Ni zan riƙe.

Sai ka zo.

Hadijatu

*

Tambuwal, ran Litinin.

Zuwa ga Baban Saudat,

Assalamu alaikum. Ina fata kana lafiya, da Hajiya, da ƙawata. Namadi ya ce an yi muku ruwa mai ƙarfi har hanya ta yanke kwana biyu, Allah shi sa ba a yi ɓarna ba.

Ranar nan ka tafi ban yi maka godiya ba. Ka sha furar da na aika maka a zaure ka bar kwanon, kafin in sako gyale har ka hau babur.

Na ga yadda ka ji lokacin da ido na farko ya tsage a hannunka ya faɗi ƙasa. Ka tsaya ka ƙura masa ido, zufa tana ɗiga daga hularka. Abin da ya sa na ce "yanka ɗayan" da ƙarfi haka, ba fushi ba ne. Tsoro na ji kada ka ajiye rezar. Mu'minatu da ke leƙe ta katanga ta ce wai a duniya ba ta taɓa ganin suruka da suruki kai da kai ba, kowa yana kallon ƙasa kamar masu neman allura. Na ce mata ai ƙasan muka zo kallo.

Ƙayar da ta shige mini babban yatsa ta fita da kanta. Ban gaya maka ba a lokacin don ka ce kada in motsa.

Da kake naɗa ledar na ji kana ƙirgawa a hankali, ɗaya, biyu, har bakwai, sannan ka ja ka ɗaure. Haka take yi, har da cije leɓe. Ban san a wurinta ka ɗauka ba sai ranar. Na ji daɗi da na gani.

Ina yin duk yadda ka ce. Ruwa a gindi kawai, ba a kan ɗaurin ba. Tsiro biyu sun fito a ƙasa na murje su da yatsa tun suna ƙanana, wannan karon ban tsaya hira da su ba. Akuyar gidan maƙwabcinmu Na'iya ta shigo ran Talata, na kore ta da muciya har bakin titi, mutane suna dariya. Yanzu na kewaye wurin da ƙaya.

Ka ce bayan kwana ashirin da ɗaya a kwance ledar. In idon kore ne ya kama, sai a sare kan reshen daga sama don ƙarfin ya koma gare shi. In baƙi ne, to. Kullum ina duƙawa in leƙa, amma ledar ta yi gumi daga ciki, ba a ganin komai. Mu'minatu ta rantse ta ga kore. Ita kuwa ko zare ba ta iya sa wa allura.

Yau kwana ashirin da uku. Shekaranjiya na wanke hannu na je na tsuguna, na kama bakin ɗaurin, sai na ga ba daidai ba ne in gani ni kaɗai, kore ne ko baƙi. Ran Asabar ba makaranta. In hanya ta yi kyau ka taho da Saudat, ka shigo kai tsaye, ba sai ka tsaya a zaure ba.

Ka gaida Hajiya da kyau. Allah shi yi maka albarka.

Innarka,
Hadijatu

Ledar tana nan yadda ka ɗaure ta. Ban kwance ba.