Habu Zai Sare Saiwar Tsamiya

Zuwa ga mahaifiyata, Inna,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta girmamawa, na san wasiƙa ba ta isa inda kike, amma ba ni da wanda zan gaya wa sai ke.

Inna, rijiyoyin Yekuwa sun ƙafe, shanu na faɗuwa a bakin kwamin da ake ba su ruwa. Maza sun duba ƙasa, sun ce ruwa na kusa a gindin tsamiyar gonarmu. Jibi za a fara haƙa, kuma jikanki Habu ne zai shiga ramin ya sare saiwa.

Kin san tsamiyar. Ba ki taɓa wuce ta ba sai da sallama. Kikan ce, "Akwai masu gida a nan, suna ganinmu, mu ba mu ganinsu." Ko ruwan zafi ba ki zubarwa sai kin yi bisimilla, kada ki ƙona musu 'ya'ya.

Habu dariya yake mini. Wai mushen lakwal, malaminsu na boko, ya ba shi labarin wata ƙasar ƙanƙara ta Nasara, Islandi, inda har yau ake karkatar da hanyar mota don kada a fasa dutsen da ɓoyayyun mutane suke ciki. Don ya tsokane ni ya faɗa. Ni kuwa na ce a raina: Ashe har can suna nan.

Wata tsohuwa ta ce a yanka musu baƙin bunsuru. Na ƙi. Ke kika kai ni makarantar allo, na san yanka na Allah ne kaɗai. Amma a allon nan ma na karanta cewa akwai su.

Jiya bayan la'asar na je ni kaɗai. Na yi sallama, na gaya musu ba raini ba ne, ƙishi ne, in akwai ƙanana a janye su daga saiwar, a bar mini ɗana. Na tsaya ina sauraro, Inna, kuma ban san wanne nake tsoro ba, shirun ko a amsa mini.

Allah Ya haskaka makwancinki, Ya yafe mini in na wuce iyaka. Ya ba mu ruwa, Ya fito mini da Habu da ƙafarsa.

Taki, wadda har yau ba ta zubar da ruwan zafi ba bisimilla,
Hadiza