Takardar Birai da Aka Liƙa a Makarantar Garinmu

Zuwa ga mai girma shugaban masu duba makarantun ƙauye na yankinmu.

Gaisuwa mai yawa da girmamawa, da fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka. Ni ne Malam Isiyaku, limamin wani ɗan gari a ƙasar Tudun Wada, kan hanyar Doguwa. Ban iya boko ba. Da ajami na rubuta wannan, wani ya juya mini shi zuwa boko, na ce a buga a jarida, domin abin da ya same ni a bainar jama'a ya same ni.

Na ɗaya. Da aka buɗe elementare a garinmu shekara huɗu da suka wuce, ba wanda ya yarda ya ba da ɗansa. Ni na bi gida gida tare da dagaci, na ce na leƙa ban ga kafirci a ciki ba, lissafi ne da karatu da tsabta. Na fara ba da 'ya'yana biyu. Na ce in an ga wani abu, ni za a kama. Da bakina aka cika ajin nan.

Na biyu. Bara bayan girbi ofishinka ya aiko da alli da taswira da wata babbar takarda mai zane. Halittu biyar ne a jere: mutum a tsaye sosai, sai mai ɗan ranƙwafawa, sai mai gashi, har zuwa biri yana tafiya da hannu. Rubutun da ke ƙasa na Turanci ne, ko kalma ɗaya ta Hausa babu. Mu nan duk wanda ya taɓa riƙe allo daga dama yake farawa. Na duba daga dama, na ga mutum yana lalacewa har ya koma biri. Wallahi daɗi na ji. Na ce ashe Turawa ma sun san labarin mutanen da suka saɓa wa Allah da kamun kifi ran Asabar, aka mai da su birai. Na kawo dattawa suka gani. Da azumi sau biyu ina wa'azi da ita. Wani Bafillace ya taso daga ruga takanas don ya gani, ya ce da ma ya daɗe yana zargin biran da ke cin masararsa, don sun san ranar da mai gona ke tafiya kasuwa. Hedimastan makarantar yana ji, bai gyara mini ba. Daga baya ya gaya mini tsoro ya ji, shi baƙo ne. Ban riƙe shi ba.

Na uku. Farkon damina ma'aikacinka mai zagaya makarantu ya zo a kan keke, ran kasuwa. Ya tarar ina yi wa wasu baƙi bayanin takardar. Ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ɗauki rula ya faro daga hagu. Ya ce Malam ya karanta ta a baibai. Ya ce masana sun haƙa ƙasa sun sami tsofaffin ƙasusuwa, sun gane mutum da biri kakansu ɗaya. Ya faɗi wannan gaban dagaci da iyayen yara, ya sha fura, ya hau kekensa. Kafin la'asar magana ta gama kasuwa.

Na huɗu. Kada ka ɗauka gudun ilmi nake yi. Ni manomi ne. Kowace kaka nakan ware zangarniya mafi kyau in ajiye iri, kuma dawar da nake shukawa yau ta fi wadda na gada. Fulani ma haka suke zaɓen bijimi. Na yarda halitta tana sauyawa. Amma ban taɓa shuka dawa na girbe gero ba. Hedimasta ya ce ai don rayuwata gajeriya ce, abin dubban dubban shekaru yake ci. Ni dai ba zan ƙaryata ƙashin da ban gani ba. Abin da na sani, daga Annabi Adamu muka fito, shi kuma daga ƙasa, a kan haka zan mutu. Magana irin wannan zama ake yi mata, masu ilmin can su kawo nasu, namu su kawo nasu. Ba a liƙa ta a bangon ƙauye a tafi.

Na biyar. Yanzu gari ya kasu biyu a kaina. Wasu na cewa na sani na ɓoye, wasu na cewa ban sani ba na yi wa'azi, kuma duka biyun sun haɗu a kan ba a bin irina salla. Shekara ashirin da ɗaya ina limanci. A da sahu uku ke tsayawa bayana, yau ɗaya ba ya cika. Makon jiya Malam Garba ya rasu, abokina tun muna kiwon awaki. Ya sha faɗa gaban 'ya'yansa ni zan yi masa wanka, ni zan sallace shi. Amma 'ya'yan suka aika ƙauyen gaba aka ɗauko wani malami. Na tsaya a sahun baya. Wannan ya fi dariyar ma'aikacinka yi mini ciwo.

Roƙona uku ne. Duk abin da za ku aiko ƙauye, ku haɗo shi da bayani da Hausa, boko da ajami. Kada a taɓa hedimasta, ba shi ya zana ba. Sannan ka zo da kanka ran Juma'a, ka tsaya bakin masallaci ka gaya wa mutane cewa takardar ba bayani ta zo, kuma Isiyaku bai sani ba. Na yarda a kira ni jahili gaban kowa, muddin an cire mini sunan maci amana. Kada ka bari sai rani ya yi. Tsararrakina uku suka rage a garin nan, biyu suna kwance, kuma dukansu na yi musu alkawari irin na Malam Garba.

Allah Ya ja zamaninka, Ya ba ka ikon yin adalci, Ya sa ranar da ka cika, wanda ka zaɓa shi zai tsaya ya sallace ka.

Wassalam.

Malam Isiyaku, liman.